Jakunan da ido ba ya gani: yadda ake ɗora wa ƙwayoyin halitta magani su kai shi bakin ciwo

Maganin ja ne jawur, kamar zoɓon da ba a sirka ba. Ina tsaye a gefen gado malamar asibiti ta saka safar hannu, ta rufe hanci da baki, sannan ta fara tura shi a hankali cikin jijiyar hannun gwaggona. Na lura da yadda take kaffa-kaffa kada ko ɗigo ya taɓa fata, alhali sirinji guda ake ɗura wa tsohuwa a jini. Washegari fitsarinta ya yi ja. Kafin mako uku gashi ya fara biyo mataji, baki ya yi gyambo, kunu ma sai an fifita ya huce sarai. Ran nan ta zame kallabi ta nuna mini, ta ce, "Ɗan ga, ciwon ga wuri guda shi ke. Mi yak kai maganin ga gashin kaina?"

Tambayar nan tata ita ce masana a Jamus da Kanada da Amurka da Sin suke ta fama da ita shekara da shekaru. Sunan maganin doksorubisin, an samo asalinsa ne daga wata bakteriya ta cikin ƙasa a Italiya, kuma yana da ƙarfi ƙwarai a kan ciwon daji, wato kansa. Aikinsa kashe duk ƙwayar halittar da ke saurin rabuwa tana hayayyafa. Ƙwayoyin kansa haka suke, amma haka ma saiwar gashi, da fatar cikin baki, da ɓargon da ke ƙera jini. Shi bai san wannan ba, dukan kan mai uwa da wabi yake yi. Yana kuma taɓa zuciya, shi ya sa likita ke lissafa duk abin da aka ba mutum, in ya kai wani adadi a tsaya, har ƙarshen rayuwarsa ba a ƙara masa.

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadamar Rima zai gane matsalar nan da nan. Ka tada inji, ruwa ya bi kwalbati ya shiga fangali bayan fangali, amma in akwai ɗan tudu a tsakiyar gona sai ruwan ya zagaye shi ya wuce. Ka ƙara ruwa don ya hau tudun, albasar da ke kwari ta ruɓe. Ƙarin kansa, wato dunƙulen naman da ciwon ke tarawa, irin wannan tudun ne. Jijiyoyin jinin da ke cikinsa a karkace suke, wasu a toshe, wasu suna yoyo, har ruwan da ya taru a ciki yana turo komai waje. Tsakiyarsa ta yi nisa da jini, ba isasshen oksijin, kuma ƙwayoyin da ke ɓuya a can su ne masu taurin kai: magani bai cika isa gare su ba, gasa ƙarin da ake yi da hasken na'ura ma ba ya cinsu yadda ya kamata, don shi ma da oksijin yake aiki.

Dabarar farko da aka yi ita ce a ƙunshe maganin cikin wasu 'yan salkuna na maiƙo, ƙanana ƙwarai, don kada ya zube a hanya. A 1995 Amurka ta amince da doksorubisin na cikin salka, kuma ya rage wa zuciya wahala. Sai dai a 2016 wasu masana a Jami'ar Toronto, ƙarƙashin Warren Chan, suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar abin da ke isa ƙarin a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne na abin da aka zuba a jini. Ko kashi ɗaya bai cika ba. Mafi yawa hanta da saifa ne suke tacewa. Salka ba ta da ƙafa, inda ruwa ya nufa nan take bi.

To, a yi mata ƙafa mana. A nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne wurin da ya fi burge ni a maganar gaba ɗaya.

Girman abubuwan da muke magana a kai da maikuromita ake auna shi, wato a raba milimita ɗaya gida dubu. Kaurin silin gashi wajen maikuromita 70 ne, jar ƙwayar jini 7 zuwa 8, bakteriyar E. coli da ke cikin hanjin kowannenmu tsawonta 2. Ga halittar da ta ƙanƙanta haka, ruwa ba ruwa ba ne kamar yadda muka san shi. Mai kwalekwale in ya buga filafili sau ɗaya, jirgin zai ci gaba da sulalewa ko ya ɗaga hannu. Bakteriya ba ta da wannan gatan. A wurinta ruwan randa ya fi zuma kauri, tana daina motsi ta tsaya cak, ko faɗin ƙwayar zarra ba za ta ƙara ba. Wani masanin fiziya, Edward Purcell, ya bayyana a shekarun 1970 cewa a irin wannan duniyar duk motsin da yake kai da komo ne, kamar buɗe baki da rufewa, ba ya kai ka ko'ina: abin da ka ci gaba a turawa shi za ka mayar a jawowa. Sai dai ka yi juyi irin na sukuru, ko ka kaɗa jela kamar bulala.

Bakteriya juyin take yi. A gindin kowace jelarta akwai inji na gaske, mai ɓangaren da ke tsaye da ɓangaren da ke juyawa, kuma wani masani, Howard Berg, na cikin waɗanda suka fara nuna haka a 1973. Yana zagayawa fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ƙaramin injin ban-ruwa na fetur da muke saya a kasuwa sau 60 yake yi a daƙiƙa in an buɗe masa wuta. Da wannan E. coli take cin tsawon jikinta sau goma a kowace daƙiƙa. Ba ta da ido, amma tana da hanyar neman abin da take so: ta miƙe na kamar daƙiƙa ɗaya, ta yi 'yar katantanwa ta sauya fuska, ta sake miƙewa. In ɗanɗanon abinci yana ƙaruwa sai ta tsawaita miƙewar, in yana raguwa ta yi saurin juyawa. Kamar mai bin ƙamshin tsire cikin duhun lungu, yana kuskure yana gyarawa har ya isa tukuba.

Ɗan Adam ya gwada ƙera nasa. A 2004 a Amurka aka yi wasu 'yan sanduna na zinari da filatinam da ke tafiya da kansu, amma man da suke sha haidurojin ferokzaid ne, ruwan nan mai kumfa da ake wanke gyambo da shi, wanda ba mai zuba shi a jinin mutum. An ci gaba da gyara irinsu, har an yi waɗanda ruwan ciki ke turawa. Amma tun a lokacin wasu suka ga ai ga abin hawa nan Allah Ya riga Ya halitta, yana cin sukarin da ke jiki, yana jin ƙamshi, yana lanƙwasa ya ratsa matsi. Abin da ya rage a ɗaura masa mangala, a saka masa akala.

Akalar da aka fi amfani da ita maganaɗisu ce, don ƙarfinsa yana ratsa nama ba tare da ya cutar ba. Akwai ma bakteriyar da aka haife ta da tata akalar. A 1975 wani masani, Richard Blakemore, ya lura da wasu a laka da kullum arewa suke nufa, aka duba aka ga a cikinsu akwai 'yan ƙwayoyin ƙarfe jere kamar carbi, suna aiki kamar allurar kamfas. Irin wannan ce Sylvain Martel da abokan aikinsa a Montireyal ta Kanada suka ɗauka. Suka liƙa wa kowace ɗaya salkunan magani kusan 70, suka yi allurarsu a gefen ƙarin kansar hanji da aka dasa wa ɓeraye, suka nuna musu hanya da maganaɗisu. Da suka shiga sai ɗabi'arsu ta karɓi ragamar, domin ita wannan halitta wurin da oksijin ya yi ƙaranci take so, wato dai tsakiyar tudun nan da ruwa ba ya hawa. A rahotonsu na 2016 har kashi 55 cikin ɗari sun kutsa can. Ba daidai ba ne a jera wannan adadin da 0.7 kai tsaye, tunda su a bakin ƙofa aka sauke su, ba daga jijiyar hannu suka taso ba. Duk da haka sun shiga inda magani shi kaɗai ba ya shiga.

Jaki na biyu zan faɗe shi yadda yake, don ilimi ba ya son kunya. A birnin Dresden na Jamus, Mariana Medina-Sánchez da Oliver Schmidt da ɗalibansu sun yi amfani da ƙwayar maniyyin bijimi. Dalilinsu mai ƙarfi ne: an halicce ta ne don ta yi iyo a hanyar mahaifa, ba ta hayayyafa, ba ta haddasa cuta, kuma aikinta na asali shi ne ta manne da wata ƙwayar ta juye mata abin da ta ɗauko. Suka jiƙa ta a doksorubisin, jan maganin nan na gwaggo, kan ya shanye shi. Suka ƙera mata wata 'yar hula mai hannuwa huɗu, aka shafe ta da ƙarfe don maganaɗisu ya ja. In hular ta daki ƙari sai hannuwan su lanƙwashe, ƙwayar ta kuɓuce ta nutsa ciki. A cikin kwanon gwaji, maniyyin da ke ɗauke da magani ya kashe kashi 87 cikin ɗari na dunƙulen ƙwayoyin kansar bakin mahaifa a kwana uku. A kwano, ba a jikin mace ba.

Na uku shi ne ya fi kusa da zuciyata, saboda duk wanda ya yi jinyar yaro mai ciwon haƙarƙari lokacin hunturu ya san yadda numfashin nan ke fita. A Jami'ar Kaliforniya ta San Diyego, Joseph Wang da Liangfang Zhang sun ɗauki wata koriyar halitta mai ƙwaya ɗaya, 'yar gidan gansakukar da ke rufe tafkunanmu, mai jela biyu da take iyo da su kamar hannuwa. Suka manna mata ƙunshin sifrofulokzasin, wanda muke kira sifro a kemis, suka lulluɓe ƙunshin da fatar fararen ƙwayoyin jini, suka zura ta maƙogwaro zuwa huhun ɓerayen da ke fama da nimoniya mai kisa, wato ciwon haƙarƙarin nan. Waɗanda ba a yi wa magani ba sun mutu cikin kwana uku. Waɗanda aka ba wannan duk sun haura kwana 30. Kuma kafin allurar jijiya ta yi irin wannan aikin, sai da aka ninka yawan maganin har sau 3,000. Sirrin shi ne motsi: tana yawo cikin majinar huhu tana bazuwa, sojojin jiki ba sa saurin cafke ta kamar yadda suke cafke abin da ke kwance. A 2022 aka fitar da wannan. A Harbin ta ƙasar Sin kuma, a 2021, fararen ƙwayoyin jinin da kansu aka sa suka haɗiye magani da garin ƙarfe, tunda su dama suna bin kumburi, har suka tsallake shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa daga jini a jikin ɓeraye.

Mai karatu ya lura sau nawa na ambaci ɓera. Da gangan ne. A duk waɗannan jakuna da aka ɗaura wa kaya, babu wanda likita zai rubuta maka yau, a Sakkwato ko a Landan. Duk wanda ya zo maka da kwalba ya ce ga maganin zamani mai neman ciwon daji da kansa, kuɗinka yake nema. Kuma akwai darasin da bai kamata a manta ba. Akwai wata salmonela, 'yar'uwar mai kawo taifot, da aka dakushe kaifinta. A jikin ɓera tana taruwa a ƙari fiye da sau dubu kan sauran nama. Aka gwada ta a jinin mutum 25 a Amurka, sakamakon ya fito a 2002: uku kawai aka same ta ta zauna a ƙarinsu, kuma ba wanda nasa ya ragu. Garkuwar jikin mutum ta share ta tun ba ta kai ba, da aka ƙara yawanta kuma sai zazzaɓi da faɗuwar jini.

Matsalolin ba ɓoyayyu ba ne. Mafi gudu a cikinsu tana cin maikuromita 200 a daƙiƙa, jini kuwa ko a mafi sirantar jijiya ya ninka haka, a babbar jijiyar zuciya kuma santimita gommai yake yi a daƙiƙa. Sakin bakteriya a nan kamar jefa ɗan tsako ne a Gulbin Rima ranar da aka buɗe dam ɗin Goronyo. Maganaɗisun da zai ja abu a jikin ɓera mai kaurin yatsa biyu, ƙarfinsa ya zube kafin ya kai tsakiyar cikin babban mutum. Likita yana buƙatar ganin inda suka shiga, alhali sun fi ƙarfin idon yawancin na'urorin hoto. Sannan kaya in ya yi nauyi jaki ba ya sauri. Ga kuma tambayar da ba ta taso wa ƙwayar magani: wannan mai rai ne, in bakteriya ce za ta iya haihuwa. Allurar da ka yi da safe ba lallai ta zama adadinta ɗaya da yamma ba. Shi ya sa ake zaɓar irin da sifro ko waninsa zai iya kashewa in aiki ya ƙare, ko irin da ba ya iya rayuwa a jikin mutum na dogon lokaci.

Duk da haka ba na cikin masu cewa tatsuniya ce, kuma hujjata tana dantsen kusan kowane yaronmu. Tabon nan na allurar BCG da ake yi wa jariri don tarin fuka, bakteriya ce mai rai da aka raunana, tun 1921 ake ba mutane. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna in aka zura ta ta robar fitsari cikin mafitsara, mako-mako har sau shida, tana tada garkuwar jiki ta far wa kansar mafitsara da ba ta yi zurfi ba. Har yau da ita ake aiki a duniya. Ba ta iyo, ba ta ɗauke da kaya, amma ta tabbatar da cewa ana iya saka halitta mai rai a jikin majinyaci ta yi aiki, in an zaɓi wurin da ya dace. A ganina nan ne wannan fasaha za ta fara tsayawa da ƙafarta: wuraren da ake shiga ba tare da an bi ta jini ba, wato mafitsara, bakin mahaifa, huhu da hanji.

Waɗannan kuwa su ne wuraren da ciwo ke cinmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna rubuta cewa kansar mafitsara na sahun gaba a tsakanin mazan yankin nan, kuma tana da alaƙa da tsargiya, fitsarin jinin nan da yara ke ɗaukowa a wankan gulbi har wasu iyaye suna ɗaukarsa alamar balaga. Sai dai irin kansar da tsargiya ta fi kawowa ba ita ce BCG ke ci ba, kuma mutanenmu sukan zo ne bayan abin ya ratsa bango. Wannan ya fi damuna fiye da duk matsalolin fiziya da na lissafa. Ɗan aike komai sanin hanyarsa sai an gaya masa gidan. Maganin da ke nufar wuri guda yana amfani ne ga wanda aka gano ciwonsa yana wuri guda. Gwaggo ta yi fiye da shekara tana shafe-shafe da turare kafin ta bari a duba, kuma ba ita kaɗai ba ce a layin nan. Gwajin bakin mahaifa, da rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke kawo kansar bakin mahaifa, da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, da maganin tsargiya da ake rabawa a makarantu, su ne a hannunmu yanzu, kuma su ne za su sa sabon abu in ya zo ya tarar da wanda zai amfana.

Akwai kuma maganar da ya kamata malamanmu da likitocinmu su fara yi tun yanzu, ba sai kaya ya sauka ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi maniyyi najasa ne. Mene ne hukuncin magani da shi? Na wa za a ɗauka, na miji ko na dabba? In na mutum ne, ya za a tabbatar ba a samu ciki ba, abin da su kansu masu binciken suka yarda sai an warware? Mun ga abin da jita-jita ta yi wa allurar shan inna a 2003, lokacin da Kano ta dakatar da ita kusan shekara guda, muka kuma ga yadda gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano ya bar tabon da har yau bai goge ba. Mutanen da aka taɓa yi wa haka suna da haƙƙin a yi musu bayani filla-filla, da harshensu. Jami'armu ta Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitanci da ta haɗa magunguna da ta likitan dabbobi a gari ɗaya, ga bijiman Gudali a Kara, ga tafkuna cike da halittun da ba wanda ya tantance su. Ba ƙaramin abu ba ne ɗalibinmu ya san wannan fanni tun yana kwano, ya zama shi zai tsaya ya yi wa mutanensa bayanin.

A watan Afrilu na ɗebo ruwa a wani kududdufi da bai ƙafe ba a hanyar Kware, na kai wa wani abokina mai aikin ɗakin gwaji. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi ya saka a madubin ƙara girma. Ga su nan birjik, koraye, wasu suna juyi kamar katantanwa, wasu suna harbawa su tsaya su sauya hanya, ɗaya ta ci karo da ɗan datti ta ja baya ta zagaye shi. Na daɗe ban ɗaga kai ba. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zafin ɗakin ya haura 40. Muka matsa kusa da taga, ya haska da fitilar waya. Gefen ɗigon ya fara ja da baya, su kuma suna ta cunkushewa a ɗan abin da ya rage. Ya ce da ni, "Malam, wanga shi na babban aikin. Ƙwaya ta kwan shekara a shago, amma waɗanga sai da sanyi tun daga inda an ka yi su har gadon majinyaci." Kafin ya rufe baki na ƙarshensu ta daina motsi.